Dilar gwanjo: ceton muhalli ce ko bolar Turai ce aka ɗaure mana?

Mai Zaure: Assalamu alaikum jama'ar zare da yadi. Jiya 'yata ta turo min hoton wata riga da ta saya. A jikin takardar wuyan an rubuta wai da tsofaffin robobin ruwan sha aka yi ta, kuma wai kamfanin yana ajiye akwati a shagunansa, ka kawo tsohon kayanka ka jefa, su kuma su juya shi ya koma sabo. Ta ce, Baba ka ga masu tausayin duniya. Na ce mata bari in kai zaure, akwai waɗanda suka fi ni sani. Tambayata ɗaya ce: idan kamfani ya ce kayansa suna zagayowa, ba sa ƙarewa a juji, da wane mudu za mu auna maganarsa?

Ɗan Nima: Wa alaikumus salam Alhaji. Mudun yana nan Ankara, babban birnin Gana, ku zo ku gani. Abin da aka jefa a irin waɗannan akwatuna, da na ƙungiyoyin agaji a Ingila da Kanada da Amurka, da yawansa ba ya komawa sabo. Ana tantance shi, a danne a dila, jirgin ruwa ya sauke a Tema, mota ta kawo kasuwar Kantamanto. Mutanen nan suna ce masa oburoni wawu, wato kayan Baturen da ya mutu, don da farko sun kasa yarda mai rai zai rabu da tufafi masu yawa haka. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a cikin kasuwar ta ƙiyasta riga da wando wajen miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara. Ni da idona na ga tsummoki sun murɗe da juna kamar igiyar rijiya a bakin teku wajen Jamestown, masunta na ciro su a koma.

Hajiya Mai Dila: To fa, an fara. Ɗana, ni shekarata ashirin da wani abu ina fasa dila a Ƙofar Wambai, da ita na aurar da 'ya'ya uku. Duk ranar da aka tashi maganar muhalli sai a nuna mu da yatsa kamar mu muka ƙirƙiro talauci. Ka gaya min, rigar da Bature ya sa sau biyu ya yar, ni na sayar wa ɗan makaranta ya sa ta shekara uku, ƙaninsa ya gada, daga ƙarshe uwarsu ta yi tsumman goge-goge da ita, wa ya fi mu juya kaya? Su suna rubutawa a takarda, mu muna yi a aikace.

Ɗan Nima: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ban ce ku ne masu laifi ba. 'Yan kasuwar Kantamanto 'yan uwanki ne a sana'a, kuma su ne suka fi kowa shan wuya. Mutum ya ci bashi ya sayi dila a rufe, bai san abin da ke ciki ba. In ya fasa ya tarar da rabi yagaggu ne ko masu tabon mai, asararsa ce, kuma shi zai biya a kwashe masa.

Hajiya Mai Dila: Wannan kam gaskiya ne. Dila caca ce, Allah ya yafe mana. Da, in ka fasa za ka ci karo da auduga mai nauyi, ɗinki mai ƙarfi, kana ɗagawa ka san kaya ne. Yanzu rabin abin da ke ciki irin sharara ɗin nan ne mai sheƙi, wanki biyu ya saki jiki. Na ɗaya, wato mafi kyau, ya ragu, na uku, wato mafi lalacewa, ya yi yawa.

'Yar Maraɗi a Rube: Sannunku iyayena. Ni ƙaramarku ce, ina karatun fasahar saƙa a Rube, arewacin Faransa, garin da shi ma masaƙunsa suka mutu kamar na Kaduna. Ina so in ɗan taɓa lissafin da Yaya na Nima ya kawo, ba don in ƙaryata shi ba. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Gana ta fitar da nata rahoton a 2024, ta ce sharar ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba. Kun ga tazarar, 40 da 5. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Wani ya ƙirga abin da aka tarar shara ne tun ranar fasa dila, wani ya ƙirga duk abin da ya bar kasuwa ba a saya ba bayan ya yi makonni a rataye. Ga amsar tambayar Baba Mai Zaure ta farko ke nan: kafin ka yarda da lamba, tambayi a wane mataki aka tsaya aka ƙirga, kuma wa ya biya kuɗin ƙirgar.

Mai Zaure: Madalla 'yata. Ci gaba, maganar robar ruwan fa?

'Yar Maraɗi a Rube: Baba, wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Fiye da rabin zaren da duniya ke yi yau foliyesta ne, wato roba ce daga man fetur. Wanda suke cewa an sake juyawa, kusan dukkansa daga robar ruwan sha ne, ba daga tsohuwar riga ba. Robar ruwa kuwa tana iya komawa robar ruwa, a sake, a kuma sakewa. Da zarar ka narka ta ka ja zare, ka rina, ka cakuɗa da auduga da ɗan zaren nan mai talewa, ka rufe mata hanya. Daga nan sai juji ko wuta. Wato an ciro ta daga zagayen da ke aiki an saka ta a hanyar da ba ta ɓullewa, sannan a buga koren ganye a takarda. Gidauniyar Ellen MacArthur ta faɗa tun 2017 cewa abin da ke komawa sabuwar tufa daga tsohuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Tela Sarkin Almakashi: Ƙanwata kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu teloli muna da namu gwajin, ba sai an je jami'a ba. Ka zare zare ɗaya daga bakin yadi ka kusanta da ashana. In auduga ce za ta ci da wuta, ƙauri kamar takarda, ta bar toka mai laushi. In roba ce sai ta nannaɗe ta dunƙule ta yi baƙin ƙulli mai tauri. Wallahi yadin da ake kawo min yanzu ana rantsuwa auduga ce zalla, na gwada, sai ƙulli. Mai kaya ya ce dutsen gugata ne ya yi zafi.

Baba Kakuri: Salamu alaikum. Jikana ne ke buga min, idona ya yi rauni. Na saurari kowa. Ni na yi aiki a ɓangaren kaɗi shekara da shekaru a Kaduna. Masaƙar farko ta Kaduna an buɗe ta a 1957 zamanin Sardauna, ta UNTL ta biyo a 1964, sauran suka bi. Lokacin nan in an tashi aiki a Kakuri kekuna sai ka ce fari. Auduga daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi take zuwa, a gurza a can, a kaɗa a nan, a saƙa, a buga atamfa, a kai Kantin Kwari. Angurya kuma a matse mai, tunkuzar a ba shanu. Ɓurɓushin audugar da injin ke tofarwa ma ba a zubarwa, masu katifa da matashi suna layi a kai. Ba mu san wani suna na zamani ba, amma ba abin da ke tafiya a banza.

Sai dai zan faɗi wadda ba ta yi mana daɗi ba, don tsufa ba ya son ƙarya. Ruwan rinin da ke fita daga masaƙu rafi yake bi ya shiga kogin Kaduna. Yau ja, gobe shuɗi. Muna kallo, ba mu ɗauke shi komai ba, albashi na shigowa. Don haka masu cewa a farfaɗo da masaƙu, ina tare da ku da zuciya ɗaya, amma a farfaɗo da su da wurin tace ruwa.

Jikan Marina: Allah ya ƙara lafiya Baba. Tunda an zo maganar rini, ga jikan masu karofi. Mutane suna zuwa Ƙofar Mata su ɗauki hoto a gaban allon da aka rubuta 1498 su tafi, ba su tambayi yadda abin yake ba. Karofi baba ne da toka da ruwa, a bar shi ya ruɓa kwanaki har ya nuna. Rijiya ɗaya ana watanni ana tsoma kaya a cikinta. In ta mutu, a kwashe dagwalon ƙasan, shi ne katsi. A busar, a ƙona, ya koma cikin sabon haɗi, ko a haɗa shi da gashin majema da dafara a yi laso, a shafe rijiyar da shi, a shafe soro da shi ruwan sama ba ya ratsawa. Riga kuma in ta koɗe ba a yar da ita, a dawo da ita a sake tsomawa, a kai mabuga su buge ta ta fito da ƙyalli kamar ranar farko. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa haka ake yin sa. Ku nuna min kamfani ɗaya a Turai da ya kai wannan.

'Yar Maraɗi a Rube: Yaya, ina alfahari da wannan, a aji ma na taɓa kawo misalin katsi. Amma ka faɗa mana tsakani da Allah, shaddar da ake rinawa a Kano yau, kashi nawa ke shiga karofi?

Jikan Marina: Kin kama ni. Kaɗan ne ƙwarai. Yawanci yanzu garin rini ne na kanti, da soda da haidiro, a tafasa a rabin duro a cikin lungu, a tsoma, a tuttular a kwata. Ki duba hannun yaran da ke aikin, fata duk ta ci. Mai kaya yana son kala bakwai gobe da safe, karofi kuwa shuɗi kawai ya sani kuma ba ya gaggawa. Ba na kare abin, amma wanda ya ce a daina sai ya faɗa wa yaran abin da za su ci.

Alhaji Kwari: Akwai sabuwar shadda ta sauka, mai so ya yi min magana ta gefe.

Mai Zaure: Alhaji, ranar talla Juma'a ce. Amma tunda ka leƙo, kada ka gudu. Kai ke sauke kaya daga Sin, me ka ce?

Alhaji Kwari: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne, abin da aljihun mutane ke iya ɗauka nake kawowa. Mace ta zo biki uku a wata, kowanne da ankonsa. Ankon nan sau nawa ake ɗaura shi? Sau ɗaya, a ɗauki hoto, a jefa a akwati. Muna zagin Bature da yar da kaya, mu ma mun koya. In mata suka ce ba sa son na roba, gobe zan daina saukewa.

Hajiya Mai Dila: Kai Alhaji, ka bar mata su huta. Ankon da aka ɗaura sau ɗaya ƙauye yake tafiya wurin dangi, ko dillaliya ta zagaya da shi gida-gida. Ba ka taɓa ganin atamfa mai lafiya a bola ba. Maza nawa ke ɗinka kala biyar na sallah?

Ɗan Nima: Ku bar ni in dawo da ku Ankara, don akwai abin da lissafin kamfanoni ba ya ɗauka sam. Dilar nan tana kai kilo 55. Cikin Kantamanto mota ba ta shiga lungu, 'yan mata ne ke ɗauka a ka. Kayayei ake ce musu, kuma kayan da ke farkon sunan namu ne na Hausa. Yawancinsu daga arewacin Gana suke, wasu da goyo a baya. Wuyansu da ƙashin bayansu ke biyan kuɗin wannan zagayen da ake yabo. Babban jujin Kpone da aka gina don sharar birni ya cika tun kafin lokacinsa, ya kama wuta a 2019. Sannan a farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar kanta cikin dare, dubban rumfuna. Mutane suka sake kafa katako da kuɗin bashi. Kamfanin da ya ɗinka rigar yana can ya rubuta a rahotonsa na shekara cewa ya tattara tan kaza ya hana shi zuwa juji. E, bai je jujinsu ba.

'Yar Maraɗi a Rube: Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce dukkan karatun da nake yi, Yaya. A nan Faransa akwai doka tun 2007: duk mai sa tufa a kasuwa sai ya biya wani ɗan kuɗi a kan kowace ɗaya, wata hukuma mai suna Refashion ta tattara ta biya masu tarawa da masu tantancewa. Daga ƙarshen 2023 har rangwame ake yi maka in ka kai gyara, daga yuro 6 zuwa 25 gwargwadon aikin. Tarayyar Turai kuma ta wajabta ware tsofaffin tufafi daga sauran shara tun 1 ga Janairun 2025. A takarda abin sha'awa. Amma kuɗin yana tsayawa inda aka tantance, kayan kuma su wuce Afirka. Wanda ya yi aikin ƙarshe, mai wanki da mai guga da telan da ya rage wando a Kantamanto ko Ƙofar Wambai, da hukumar birnin da za ta kwashe saura, ba su ga sisi ba. Abin da masu fafutuka a Gana ke nema ke nan, kuɗin ya bi rigar duk inda ta je. Kuma tunda aka tilasta warewa, abin da ake tarawa ƙaruwa zai yi. Ina kuke jin za a kai shi?

Tela Sarkin Almakashi: Tsaya, tsaya. Har rangwame ake yi wa mutum a kuɗin faci? Ni da nake sa zif a naira ɗari biyar ana min ciniki! A nemo min biza.

Baba Kakuri: Jikata, ba su da injin da zai warware tsohuwar riga ta koma zare? Mu a zamaninmu muna da mai yagar ƙyalle.

'Yar Maraɗi a Rube: Akwai, Baba, irin wanda ka sani ne aka inganta. Matsalar ka fi ni saninta: in aka yaga, silin audugar gajarcewa yake, zaren ba ya ƙarfi sai an haɗa da sabuwa. Shi ya sa a Panipat ta Indiya bargo mai araha suke yi da shi, irin wanda ake rabawa a sansanin 'yan gudun hijira. A Prato ta Italiya sun fi shekara ɗari suna juya tsohon ulu, suna ware shi kala-kala don kada a sake rini, wannan kam yana aiki. Ta hanyar sinadari kuma, wani kamfanin Suwidin mai suna Renewcell ya gina babbar masana'anta yana narkar da tsohon jins ya koma ɓawon da ake jan sabon zare. Manyan kamfanoni suka yi ta yabo a jarida. Da aka zo saye sai suka noƙe, don sabon zare ya fi araha. A Fabrairun 2024 ya karye, sai daga baya wasu suka saye shi. Fasahar ba ta gaza ba, masu yabon ne ba su sa hannu a aljihu ba.

Alhaji Kwari: To ai kin dawo kan maganata. Araha ke mulki, ko a Suwidin ko a Kwari.

Mai Zaure: Wasu sun min magana ta gefe suna cewa a hana gwanjo kawai a huta. Me kuka gani?

Hajiya Mai Dila: A hana? Ai a Najeriya a hane yake a littafin kwastan tun ban shiga sana'ar ba. Ya hanu? Ta Kwatano da Lome yake sauka, kowa ya san hanyar da yake bi. Da aka rufe iyaka a 2019 tsada kawai ya yi, talaka ya sha wuya.

Ɗan Nima: Ruwanda ta gwada da gaske. A 2016 ta ɗaga harajin kilo ɗaya daga santi 20 zuwa dala 2.50. Dillalan gwanjon Amurka suka kai ƙara, a 2018 Amurka ta janye mata damar shigar da tufafi ba haraji ƙarƙashin AGOA, tsarin da Amurka ta yi na sauƙaƙa wa kayan ƙasashen Afirka haraji. Kenya da Tanzaniya da Yuganda da aka fara maganar tare duk suka ja da baya a lokacin. Wannan ya nuna maka dilar ba sadaka ba ce, ciniki ne da ke da masu tsaronsa. Ni dai ban ce a hana ba. In ka hana gwanjo ba ka da masaƙa, sabon na roba mai araha ne zai cike gurbin, shi kuwa ko zagaye ɗaya ba ya yi. A hana shigo da na ukun, wanda tun can sun san shara ne.

Baba Kakuri: Ba gwanjo kaɗai ya kashe mu ba, kada a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri mai kwaikwayon zanenmu, su suka fi yi mana illa. Na gaji, jikana zai tafi islamiyya.

Mai Zaure: Allah ya saka da alheri Baba, a huta lafiya. 'Yata ta Rube, me zan ce wa ƙanwarki game da rigarta?

'Yar Maraɗi a Rube: Ka ce ta sa ta har ta mutu, Baba, tunda an riga an saya. In kuma tana son gwada kamfanin, ta rubuta musu ta tambayi guda nawa suka ɗinka bara, kuma cikin abin da suka tara a akwati nawa ya koma riga, nawa aka sayar wa masu dila. Yawancinsu adadin abin da suke ɗinkawa ne ba sa son faɗa, don in kana ƙara yawan kaya kowace shekara, akwatin bakin ƙofa ba zai kamo ka ba.

Hajiya, ina da roƙo. Duk lambobin da muke jifan juna da su na Ankara ne. In kin fasa dila ta gaba, ki ƙirga mana: nawa na ɗaya, nawa na biyu, nawa sai an kai wa tela, nawa ba su da mai saye. Bayan wata guda ki sake duba abin da ya rage a rumfa.

Hajiya Mai Dila: Yarinyar nan za ki sa ni aikin akawu da tsufana. To na ji, ranar Laraba zan fasa ta kayan yara. Amma wanda na zubar a kwando ana ɗari-ɗari da yamma, a wane layi zan sa shi? An saya ai.

Ɗan Nima: In an saya an sa, ba shara ba ne.

'Yar Maraɗi a Rube: In kuma mai gareji ne ya saya don goge baƙin mai, ki ware masa layinsa daban.

Tela Sarkin Almakashi: Hajiya, wanda ba shi da mai saye kada ki ba 'yan bola. Akwai matar da ke karɓar ƙyallayen shagona tana cusa matashin kai da su, ta ce ba sa isarta. Zan turo yaro da buhu ranar Alhamis, amma ki cire masu zif da maɓalli.

Hajiya Mai Dila: Cire zif aikin tela ne. Ka turo shi da almakashi, kuma buhun ba kyauta ba ne.